Lauyan da ya bi diddigin ƙunshin wiwi har aka sako ƙanena

Jama'a na daɗe ina son in rubuta wannan saboda wani ya amfana, ba talla nike ma kowa ba shi ya sa ma ba zan faɗi sunan lauyan ba, ofis ɗinshi dai na nan saman bene kan titin IBB cikin Katsina.

Ƙanena ɗan keke napep ne, an tare shi da fasinja da wani buhu, fasinjan ya ranta a na kare, aka buɗe buhu sai ga wiwi. Shari'ar ƙwaya a babbar kotun tarayya ake yin ta, kuma sashe na 19 na dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi (NDLEA) ya ce wanda aka samu da irin kayan nan shekara 15 zuwa 25 ne. Aka ɗaure shi. Ranar Hajiyarmu ko ruwa ba ta sha ba wallahi.

Wani abokina ya kai ni wurin barista ɗin nan. Ni na je da dogon labari na cewa yaro ne mai sallah ko sigari bai sha, ya bari na gama sannan ya ce mani "Malam, kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake jin shaidu haka nan, abin da ke cikin fayil shi take dubawa, yaushe aka yanke hukuncin?" Ashe kwana 90 ne kacal ake da su na shigar da ɗaukaka ƙara, mu kuma mun riga mun cinye kusan wata biyu muna bin mutane ana mana alkawarin banza.

Inda ya burge ni shi ne ranar da ya karɓo kwafin shari'ar. Ya baza takardu kan tebur, ya ɗauki jan biro yana bi ɗaya bayan ɗaya, ni ina gefe shayina har ya huce ban sani ba. Ya ce ƙa'ida ita ce idan an kama kaya a auna su gaban wanda ake zargi, a gwada, a ɗebi samfur a rufe a ambulan ya sa hannu ko ya dangwala, a ba mai ajiyar kayan shaida, daga nan a aika ɗakin gwaji, kuma duk hannun da kayan suka bi dole a san shi. To a namu nauyin da aka rubuta ranar kamu daban, wanda aka kawo kotu daban, lambar da ke jikin ambulan ba ita ce kan sakamakon gwaji ba, mai ajiyar kayan kuma ko kiran shi ba a yi ba ya ba da shaida. Ya ce to da me za a tabbatar abin da aka gwada shi ne aka ciro daga napep ɗin? Dokar shaida ta 2011 ta ɗora ma mai gabatar da ƙara tabbatar da laifi ba tare da kokwanto ba. Allah ya taimake mu ƙanena bai amsa laifi ba tun farko, barista ya ce da ya amsa da aikin ya yi wuya sosai.

Gaskiya yana da nashi matsalolin, bai cika ɗaga waya ba, sai ka kira sau ukku ka tura saƙo kwana biyu shiru, hankalinka ya tashi. Kuɗinshi ma ba wasa, sai da muka saida fili, amma ya yarda muka biya kashi-kashi kuma ko sisi ka ba shi sai ya rubuta maka rasit. Bai taɓa ce mana yana da hanya wurin alƙali ba, bai kuma yi mana alkawarin nasara ba.

Kusan shekara biyu aka kwashe, alƙalai ukku suka soke hukuncin. Da kaina na je ƙofar gidan yari na ɗauko shi a mashin, ya rame ƙwarai, ya ce in fara kai shi wurin Hajiya kafin ma ya yi aski.