Gonakin Inabin Lavaux Ba Tare da Mota Ba: Ƙafa, Jirgin Ƙasa ko Jirgin Ruwa?

Duk wanda tafiya ta kai shi Lausanne ko Montreux a ƙasar Suwizalan, da wuya ya kwana biyu ba a ce masa ya leƙa Lavaux ba (Labo ake furtawa). Gonakin inabi ne da aka sassaƙa a jikin gangare hawa-hawa kamar matakalar bene, suna kallon tafkin Jeniba tsawon kusan kilomita 30. Sufayen Kirista ne suka fara ɗora katangun duwatsun tun ƙarni na 11, a 2007 kuma UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya. Giya ake yi da inabin, galibi irin da ake kira Chasselas. Wanda ba ya sha, irina, kallo ya kawo shi, kuma in ka ce "jus de raisin" a gidan abinci, ruwan inabi zalla za a kawo maka. Faransanci ake yi a yankin, saboda haka 'yan'uwanmu na Nijar gida suka zo.

Batun hayar mota, a ajiye shi gefe. Hanyoyin cikin gonakin matsattsu ne, wasu ma na manoma ne kaɗai, wurin ajiye mota a ƙauyukan kuwa sai mai sa'a.

Tafiyar ƙafa ita ce ba ta cin ko sisi. Sanannen layin ya taso daga ƙauyen Saint-Saphorin zuwa garin Lutry, kimanin kilomita 11, awa uku da ɗoriya in ba a tsaya ba, alhali ba wanda ba ya tsayawa. A ƙafa ne kaɗai za ka ga 'yan siraran matakalar dutse da ma'aikata ke hawa, ka dafa katanga ka ji ɗuminta a tafin hannu. Mutanen wurin suna cewa rana uku ke nunar da inabinsu: ta sama, da haskenta da tafki ke maidowa, da zafin da katangun ke riƙewa har dare. Ranakun nan uku kai ma za su gasa ka, don inuwa ba ta da yawa. Na raina ranar saboda na taso a zafin Arewa, na fita ba hula, kafin in kai ƙauyen Epesses na sha jinin jikina. Ka ɗauki ruwa da takalmi mai kama ƙasa, kuma kada hannu ya kai ga inabin mutane.

Jirgin ƙasa shi ne ke rage wahalar. Na bakin tafki yana tsayawa a Lutry, Cully, Epesses, Rivaz da Saint-Saphorin, ka ga duk inda ƙafa ta gaza akwai tasha a ƙasanka. Akwai kuma wani ɗan gajeren layi, Train des Vignes, da ke tashi daga Vevey ya ratsa gonakin ya haura Chexbres cikin 'yan mintuna. Da za a tambaye ni, wannan zan zaɓa: jirgi ya ɗauke maka hawan kusan mita 200, kai kuma ka gangaro a ƙafa zuwa Rivaz ko Saint-Saphorin, tafki da tsaunukan Faransa suna gabanka.

Mai tafiya da dattawa ko ƙananan yara, Lavaux Express ya fi dacewa da shi. Sunan jirgi gare shi, amma tarago ne masu taya da ake ja a kan titi daga Lutry ko Cully, zagayen kamar awa ɗaya. Yana tafiya a hankali, sai dai inda direba ya tsaya nan za ka tsaya, kuma da sanyin hunturu ba ya aiki.

Jiragen ruwan kamfanin CGN sun fi ba da hoto mai kyau, don daga kan ruwa ake ganin gangaren gaba ɗaya. Amma daga nesa kake hange, kuma ba kowane lokaci suke tsayawa a ƙananan ƙauyuka ba. Sun fi daɗi a matsayin hanyar komawa masauki da yamma.

Kafin ka sayi tikiti, ka tambayi otal ɗinka. Otal-otal na Lausanne da Montreux suna ba baƙi katin shiga motocin haya da jiragen ƙasa kyauta a cikin wani yanki, sai ka duba ko tashar da za ka sauka tana ciki. Mai Swiss Travel Pass kuwa, wato tikitin baƙi na zagaya ƙasar, jirgin ƙasa da na ruwa duk sun shiga kuɗinsa. Ana tsinkar inabi daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da zafi ya sauka ganye ya fara yin rawaya.