Tsohon ƙaramin gida a faffaɗan fili: ya ci kuɗinsa kuwa?

Duk wanda ya bi dillalai neman gida a Nasarawa ta Kano, ko Unguwar Rimi da Malali a Kaduna, ko GRA ta Zariya, ya san irin wannan gida. Ciki biyu ko uku da falo, kicin a baya, ɗakin yara can ƙarshen katanga, sai fili iya ganinka da manyan itatuwan mangwaro da darbejiya. Yawancinsu gine-ginen shekarun 1960 zuwa 1980 ne, lokacin da fili ba ya tsada. Dillali zai ce maka "Alhaji, fili kake saye, ginin kyauta ne." Rabin maganarsa gaskiya ce. Kuɗin na fili ne, amma ginin ba kyauta ba ne: ko ya rage maka kashe kuɗi na shekaru, ko ya zama abin da za ka biya a rushe a kwashe.

Abin yabo a irin waɗannan gidaje a bayyane yake. Unguwannin an tsara su, tituna a fitar, tagogi na fuskantar juna iska na ratsawa, silin da tsayi, inuwar itatuwa na rage zafin Afrilu. Bulon da aka gina da yawa daga cikinsu da shi ya fi na kasuwa yanzu siminti. Sa ƙusa ka karci bulo a inda filasta ta ɓare: in ya ƙi, bulo ne na kirki, in yana zuba kamar gari, ka san da abin da kake ciniki. Ƙwanƙwasa bango kuma, domin akwai ginin ƙasa da aka lulluɓe da filastar siminti, kuma inda filasta ta rabu da bango za ka ji yana amsawa kamar ganga.

Lokacin duba gida shi ne Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. A rani, bayan an shafa sabon fenti, kowane gida lafiyayye ne. Da damina ne za ka ga inda ruwa ke kwanciya, da ko magudanar titi na mayar da ruwa cikin gida. Wannan matsala ta yi yawa a tsofaffin unguwanni, saboda duk gyaran da aka yi wa titi ana ɗora sabuwar kwalta a kan tsohuwa, har titi ya fi tsakar gida tudu. Daɓen ɗaki ya kamata ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. Magini zai auna maka wannan da tiyon ruwa cikin minti goma. In daɓen ya yi daidai da ƙasa ko ya nutse, duba gindin bango daga ciki: fenti na kumbura, wani farin abu kamar kanwa na fitowa har tsayin gwiwa. Danshi ne ke hawowa daga harsashi. Sake filasta ba ya maganinsa, bayan damina ɗaya zai dawo.

Tsagar bango kashi-kashi ce, kuma nan ne masu saye suka fi ruɗewa, wani ya gudu daga gida mai kyau, wani ya rungumi mai rushewa. Siririyar tsaga kamar gashi da ta bazu a fuskar filasta ba komai ba ce. Wadda ake tsoro ita ce ta karkace, da ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa, ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, ta ratsa bango har ana ganinta ciki da waje. In ta kai milimita 5, wato tana iya cin kan biro, harsashi ya motsa. Ƙofar da ke cijewa da tagar da ba ta rufuwa a wannan ɓangaren suna ƙara tabbatarwa. A yi wa ƙarshen tsagar alama da fensir, a rubuta rana, a shafa ɗan siminti a gicciye, a dawo bayan mako huɗu zuwa shida. In simintin ya tsage, gidan bai gama zama ba. Dalilin yakan kasance ɗaya daga uku: saiwar babban itace kusa da gini tana zuƙe ruwan ƙasa, ko bututun ruwa ko sokawe na tsiyaya ƙarƙashin harsashi, ko ƙasar kanta laka ce mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, irin baƙar ƙasar da ake samu a sassan Borno, Gombe da Adamawa. Na farko da na biyu suna gyaruwa. Na uku ya shafi duk abin da za ka gina a filin nan gaba, don haka kada a wuce shi ba tare da injiniya ya sa an haƙa ramin gwaji ba.

Kada a yarda a tafi ba a shiga cikin silin ba. A hau da tocila da sukudireba, a soki rafta, musamman inda ta zauna a kan bango. Gara na cinye katako daga ciki ta bar fatar waje lafiya lau, sukudireba ne kawai ke tona asirinta. A kashe tocila a kalli sama: duk inda haske ya shigo, ruwa ma na shigowa. Gidajen wancan zamani da yawa rufinsu ko silinsu na asbesto ne, wani farin allo mai kama da siminti. Muddin bai fashe ba, yana zaune lafiya, amma ƙurarsa na illata huhu ƙwarai. Ba a yanka shi da inji, ba a kankare shi, kuma in za a sauke sai an jiƙa shi an cire ɗai-ɗai ba tare da farfasawa ba.

Wuta da ruwa kuwa, ka ɗauka kawai sabo za ka yi. Tsofaffin wayoyi robarsu ta bushe tana ɓarewa, kuma ba a ja su don na'urar sanyaya ɗaki da injin burtsatse ba. Ma'aunin da aka saba shi ne waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ga na'urar sanyi. Bututun ƙarfe tsatsa ta toshe cikinsa, shi ya sa famfo ke zuwa siriri da jan ruwa. A je ofishin kamfanin wuta da lambar mita a tambayi bashin da ke kanta.

Yanzu filin, wanda shi ne ainihin kayan. A taka shi ƙafa da ƙafa. Inda ƙasa ta lotsa ko ciyawa ta fi kore, a soka rodi: tsohuwar rijiya ce ko shadda da aka rufe, ko kududdufi da aka cike da shara, kuma ba a ɗora harsashi a kan shara. A lura da tazarar rijiya da sokawe, har da na maƙwabta; ana son mita 30. A ɗaga kai a duba wayar lantarki, don ƙarƙashin babban layi ba a ba da izinin gini. Sai abin da mutane ke mantawa: ina gidan ya zauna a cikin filin? Turawan da suka fara irin wannan tsari a tsakiya suke dasa gida. Fili mai ƙafa 100 da 200 a takarda fuloti huɗu ne na 50 da 100, amma gida a tsakiya yana hana ka yanka ko ɗaya sai ka rushe. Gidan da ya raɓe gefe ɗaya ya fi daraja nesa ba kusa ba. Yankan ma ba da ka ake yi ba, sai da amincewar hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Katanga ma kuɗi ce: kewayen wannan fili mita 183 ne, a tsayin mita 2.4 zai ci bulo kusan 4,400, ban da na harsashi.

Kada ka dogara da katangar da ka gani a matsayin iyaka. Cikin shekara arba'in maƙwabci kan matso, hanya kan ci gefe. Safiyo ya zo ya nemo duwatsun iyaka, ya gwada su da zanen da ke jikin takarda.

Takardar kuwa ita ce ta fi kowane bango nauyi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, shaidar mallakar gidan zama kuma yawanci ta shekara 99 ce, wato wadda aka bayar a 1980 za ta ƙare a 2079. Sayarwa ba ta cika sai da amincewar gwamna. Kafin a ba da ko kafin alƙalami, lauya ya nemi binciken fayil a hukumar rajistar filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki, nawa ne bashin harajin fili. Da yawa daga cikin waɗannan gidaje na gado ne. A nemi takardar rabon gado daga kotu, a ga kowane magaji ya sa hannu, mata da waɗanda ke nesa duka, domin a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya karɓe kason da aka sayar wa bare ta hanyar biyan kuɗin da aka saya. A tambayi mai unguwa tarihin gidan, a kuma san matsayin duk wanda ke zaune a ɗakin baya ko yake noma a filin, a rubuta ranar fitarsa cikin yarjejeniya.

A ganinmu irin wannan gida ya dace da mai iyali da zai zauna a tsohon ginin yana gina sabo a gefe sannu a hankali. Bai dace da wanda kuɗin sayen ne iyakar abin da ke hannunsa ba. Wajen tayi, a ƙiyasta filin da farashin fuloti a unguwar. In harsashi da bango lafiya suke, a ƙara wa ginin daraja bayan an cire kuɗin rufi, waya da famfo. In tsagar nan ta motsa cikin mako shida, a cire kuɗin rushewa da kwashe ɓaraguzai daga kuɗin filin, a kai wa mai gida rahoton injiniya a rubuce tare da tayin.