Kuɗin Rumawa na dā: tagulla, azurfa ko zinariya, wanne za ka fara saya?

Mai sabon shiga harkar tara tsofaffin kuɗin Daular Rum idonsa kan tafi wajen zinariya. Ni dai shawarata ya dakata tukuna. Daɗin wannan tsaba yana cikin hoton sarki da yadda yake nuna wa talakawa cewa shi ke da mulki, kuma a nan tagulla ta fi ba da labari a kan kuɗi kaɗan.

Ɗauki manyan kwabban tagulla da Sarki Diyokletiyan ya fitar a gyaran kuɗi na shekarar 294, masu nauyin kusan giram 10. Tun 293 sarakuna huɗu ke riƙe da daular tare. Jera kuɗinsu a tafin hannu ka gani: kai mai kusurwa, wuya kamar turmi, gajeren gemu, duk kamarsu ɗaya. Da gangan aka yi, don a san mulkin ɗaya ne ko da masu shi huɗu ne. Saboda haka idan rubutun gefe ya goge, bar wa dillali kayansa, domin ba za ka san wa ka saya ba.

Na Sarki Kustantin sun fi yawa a kasuwa, sun kuma fi araha, kuma da su zan ce a fara. A nasa na farko za ka ga abin bautarsu na rana a baya, an rubuta SOLI INVICTO COMITI, wato rana abokin tafiyar sarki. Daga baya ya ajiye kambin ganye ya ɗaura zaren ado irin na sarauta, a wasu ma idanunsa na kallon sama. A 330, shekarar da ya buɗe birnin Kustantiniyya (Istanbul ta yau), aka buga masu kyarkeciya tana shayar da tagwaye, alamar kafuwar birnin Rum. Guda uku ko huɗu sun isa ka bi sawun yadda mutum ɗaya ya riƙa sauya hujjar mulkinsa. In ka ci karo da na Juliyan, wanda ya yi sarauta daga 361 zuwa 363, da dogon gemunsa da bijimi a baya, shi kam zai ɗan taɓa aljihu.

Azurfar da ake kira silikwa siririya ce, kuma da yawa an yanke musu baki. Cikin tarin da aka tono a Hoxne ta Ingila a 1992, mafi yawan silikwar an datse su, amma masu datsewar sun bar kan sarki. Irin wannan farashinta ya kamata ya sauka.

Zinariyar ita ce solidus, wadda Kustantin ya ƙirƙiro, giram 4.5, guda 72 a awon fam ɗaya na Rumawa. Kyau kam akwai, sai dai na gabashin daular a ƙarni na 5 kusan zubinsu ɗaya: sarki da kwalkwali, mashi a kafaɗa, garkuwa a hannu, harufan CONOB a ƙasan baya. Kuɗin guda ɗaya zai cika maka akwati da tagulla. A kan nauyinta aka fara buga dinarin Musulunci, kafin Abdulmalik ɗan Marwan ya cire hoto gaba ɗaya a shekara ta 77 bayan Hijira.

Mai son babba a hannu ya nemi tagullar Sarki Justiniyan mai harafin M, wato darajar ƙananan kwabbai 40. Daga 538 hoton sarkin yana kallonka ido da ido, shekarar mulkinsa kuma a rubuce.

Kafin ka biya, duba harufan ƙasan baya, su ne ke faɗin garin da aka buga: ANT Antakiya, ALE Iskandariyya. Layin haɗi a gefe da ƙananan ramuka kamar kumfa alamar jabu ne na zubi. Koren gari mai fita da farce ciwon tagulla ne, yana cin ƙarfen. Nemi nauyi a rubuce, da takardar da ke nuna hannun da kuɗin ya fito.