Kayan Rediyon Sha'awa: Abin da Ya Kamata a Fara Saya, da Abin da Zai Iya Jira

Bahaushe ba baƙon gajeren zango ba ne. Tun shekarar 1957 da BBC ta fara watsa shirye-shiryenta da Hausa, iyayenmu suka saba da murɗa akwatin rediyo suna neman mita 16 ko 19 ko 25 ko 31. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a tsakanin waɗannan mitoci akwai wasu da dokar sadarwa ta duniya ta keɓe wa ɗaiɗaikun mutane masu lasisi, kamar mita 40 da 20 da 15 da 10, inda mutum zai zauna a ɗakinsa a Katsina ko Maradi ya yi magana da wani a Italiya ko Barazil, ba tare da layin waya ko intanet ba. Wannan shi ne rediyon sha'awa. Sai dai yawancin shawarwarin sayen kayansa an rubuta su ne domin mazauna Turai da Amurka, masu wutar lantarki dare da rana da abokan sana'a a kowace unguwa, kuma wanda ya bi su ido rufe a nan zai iya zuba kuɗinsa inda ba su da amfani.

Lasisi ne farko, domin saurare kowa yana iya yi, amma aika murya sai da izinin hukumar sadarwa ta ƙasa, wadda ita ce ke ba mutum lambar kira. Lambobin Najeriya suna farawa da 5N, na Nijar da 5U, na Gana da 9G, na Kamaru da TJ, na Cadi da TT, na Sudan kuma da ST. A halin tsaron da yankinmu yake ciki, mutumin da aka tsayar a shingen bincike da oba-oba a jaka ba tare da takarda ba ya jawo wa kansa doguwar tambaya, don haka ba na ganin hikimar sayen duk wata na'ura mai aika saƙo kafin takardar ta zo hannu.

Tambayar da za ta raba wa mai saye gardama ita ce, da wa zan yi magana? Ƙananan rediyon hannu suna aiki ne a zangon mita 2, wato megahaz 144 zuwa 146, da na santimita 70, wato 430 zuwa 440, kuma igiyarsu tana tafiya ne kusan a miƙe, ba ta wuce 'yan kilomitoci a cikin gari sai idan akwai tashar maimaitawa, wato mai karɓar sigina ta sake watsa shi, a kan tsauni ko dogon gini. A Turai irin waɗannan tashoshi suna da yawa, shi ya sa ake ce wa sabon shiga ya fara da na hannu. A nan kuwa, wajibi ne mutum ya fara tabbatar da cewa akwai tasha ko aƙalla aboki ɗaya mai lasisi a garinsu, in ba haka ba zai yi ta kira babu mai amsawa, har abin ya fita ransa. Idan akwai abokin, Baofeng UV-5R, wadda kuɗinta bai kai dala 50 ba, za ta yi aikin koyo, amma kunnenta yana toshewa a kusa da manyan tashoshin FM, kuma wasu daga cikinsu suna fitar da ƙazamar igiya zuwa zangon da ba nasu ba, ga jabu sun cika kasuwa. Yaesu FT-65 ko FT-60R sun fi tsada nesa ba kusa ba, sun kuma fi ƙarko da tsabtar aiki, duk da cewa ƙarfinsu duka bai wuce wat 5 ba.

Ni a ganina, kuɗin farko ya fi dacewa su tafi ga saurare. Akwatin rediyon da muka saba da shi ba ya fassara muryar masu sha'awa, domin su suna amfani ne da wani tsarin aika murya da ake kira SSB, wanda idan aka kama shi da rediyon gida sai a ji kamar gunagunin mai magana a cikin tulu. Tecsun PL-330 ko PL-660 suna da wannan tsari, suna aiki da batir, kuma ana iya fita da su bayan gari. RTL-SDR samfurin V4 kuwa ɗan ƙaramin abu ne da ake soka wa kwamfuta, yana nuna igiyoyin a kan allo ana kallonsu, kuma yana kamawa tun daga gajeren zango har sama da megahaz 1,000. Wanda ke da kwamfuta ya ɗauki RTL-SDR, domin zai yi masa amfani har bayan ya sayi babbar na'ura. Babbar fa'idar wannan mataki ita ce gano ƙarar da ke cikin gidan. Inbata da janareta da cajar waya mai araha da wasu ƙwayayen LED da na'urar cajin sola duk suna zuba shuuu a kan gajeren zango, kuma hanyar gane mai laifi ba ta da wuya: a kunna rediyo da batir a kan megahaz 7.1 ko 14.2, wato zangon mita 40 ko 20, a kashe komai na gidan, sannan a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Gidan da ƙararsa ta rufe komai, ko rediyon dala 3,000 aka kawo masa ba zai ji kowa ba.

Bayan lasisi sai babbar na'urar gajeren zango, wadda ita ce ainihin sayayya ga mazaunin ƙasar Hausa, domin ita ba ta dogara da tashar kowa ba. Icom IC-7300, wadda ta shigo kasuwa a 2016, ta zama ma'aunin da ake gwada saura da ita: tana fitar da wat 100, tana da allon taɓawa mai nuna duk tashoshin da ke magana a zango lokaci guda, tana da na'urar daidaita eriya a ciki, kuma wayar USB guda ɗaya ta isa a haɗa ta da kwamfuta. Kuɗinta yana kewayen dala 1,000 kafin kuɗin jigila da na kwastan. Yaesu FT-710, wadda ta fito a 2022, tana ba da kusan duk waɗannan abubuwa a farashi makusanci, kuma zaɓi tsakaninsu ya fi komawa ga wadda mutum zai samu daga hannun amintacce. Yaesu FT-891 ita ma wat 100 ce, ta fi su araha da ƙanƙanta, amma ba ta da na'urar daidaita eriya, sautinta ba ya bin USB, kuma saitinta yana ɓoye a cikin jerin zaɓuɓɓuka masu gajiyarwa. Idan aka haɗa kuɗin abubuwan da za a ƙara mata, rangwamen yakan ragu sosai.

Xiegu G90 ta ƙasar Sin daban take, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Wat 20 kawai take fitarwa, kuɗinta bai kai rabin na IC-7300 ba, kuma na'urar daidaita eriyarta ta yi suna wajen karɓar kusan kowace irin waya aka jona mata, alhali ta IC-7300 tana gyara ɗan karkacewa ne kawai. Mutum zai ɗauka cewa wat 100 ya ninka wat 20 sau biyar a kunnen mai saurare, amma ba haka lissafin yake ba, domin bambancin desibel 7 ne, wato ɗan sama da gaɓa ɗaya a ma'aunin ƙarfin sigina. Idan sararin sama ya buɗe, wato yanayin da ke kai igiya nesa ya yi kyau, wannan gaɓa ba ta hana komai. Idan kuwa yanayi ya yi nauyi, ita ce tsakanin a ji mutum da a rasa shi. Akwai kuma abin da ke taimakonmu, wato ƙarancin masu lambar 5N da 5U da TT a iska, wanda ya sa mutanen Turai da Japan suke kasa kunne da kyau idan suka ji ɗaya daga ciki. Aibin G90 shi ne allonta ƙarami ne, ba ta da fanka a jiki, kuma a zafin bazara dole a sa mata ta waje.

Abin da zai yanke hukunci tsakanin waɗannan biyu shi ne wutar gidan. Na'urar wat 100 tana jan sama da amfiya 20 a bolt 13.8 a lokacin da take aikawa da cikakken ƙarfi, G90 kuwa ba ta kai rabin haka ba. Wanda ke da babban batir da sola mai ƙarfi ya sayi ta wat 100 ya huta, wanda kuma batirinsa ƙarami ne ya ɗauki G90 ya zuba ragowar kuɗin a eriya. Ko wacce aka zaɓa, na fi son a jona ta kai tsaye da batir ta gajeriyar waya mai kauri da fis a kusa da batirin, maimakon a bi ta inbata, domin hakan yana kawar da ƙara, yana kuma kare na'urar daga hawa da saukar wutar gari. Batirin litiyam samfurin LiFePO4 yana riƙe ƙarfinsa a kusan bolt 13 har ya kusa ƙarewa, shi kuwa na dalma ƙarfinsa yana faɗuwa da zarar an danna maɓallin magana, kuma ba a so a sha fiye da rabinsa.

Eriya ce ke ɗaukar mafi ƙarancin kuɗi, ita ce kuma ke yin mafi yawan aiki. Mafi sauƙi ita ce waya mai reshe biyu da ake ciyarwa daga tsakiya, kuma ana samun tsawonta a mita ne idan aka raba 143 da adadin megahaz: kusan mita 10 domin zangon mita 20, kusan mita 20 domin zangon mita 40. Wayar lantarki ta tagulla da ake sayarwa a kowace kasuwa ta wadatar. Tsayin da aka rataye ta shi ne ke zaɓar wa mutum abokan magana. Idan wayar zangon mita 20 ta kai mita 10 daga ƙasa, igiyarta tana fita a kwance ta yi nisa zuwa wasu nahiyoyi. Idan kuwa aka rataye ta zangon mita 40 ƙasa-ƙasa, igiyar tana hawa sama ta sauko kamar ruwan sama a kewayen 'yan ɗaruruwan kilomita, wanda shi ne daidai ga mai son haɗa Kano da Damagaram ko Sakkwato da Yamai da rana. Mai ƙaramin fili yana iya ɗaukar wayar da ake ciyarwa daga baki ɗaya ta hanyar taransifoma mai lissafin 49 da 1, wadda tsawon mita 20 nata yake aiki a zangon mita 40 da 20 da 15 da 10. Ta fi sauƙin ratayawa daga soro zuwa bishiyar darbejiya, amma ta fi kwaso ƙarar gida, don haka tana buƙatar zoben ferait a kan wayar da ke shiga ɗaki. Kada a shimfiɗa kowace eriya dab da rufin kwano, kuma kada ta bi sama ko ƙarƙashin wayar wutar gari ko da wane dalili.

Wayar da ke haɗa eriya da na'ura ta zama mai om 50, ba ta talabijin mai om 75 ba. Siririyar RG-58 ta isa a gajeren zango idan tazarar ba ta da yawa, amma a zangon mita 2, tsawon mita 30 nata yana cinye fiye da rabin ƙarfin da aka aika, shi ya sa a can ake sayen RG-213. A kafa sandar tagulla a ƙasa kusa da inda wayar ke shiga gida, kuma da damina, da zarar hadari ya haɗu, a cire wayar eriya gaba ɗaya a ajiye ta nesa da na'ura, domin kashe maɓalli ba ya tare tsawa. Da hunturu ma busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a kan doguwar waya, don haka cire ta bayan an gama aiki al'ada ce ta duk shekara, tare da rufe na'urar da ƙyalle.

Na'urar ƙara ƙarfi ita ce ta ƙarshe a jerin abubuwan da zan ba da shawarar a ƙara, domin tashi daga wat 100 zuwa 400 gaɓa ɗaya kawai yake ƙarawa, ga cin wuta, kuma ba ya gyara ji ko kaɗan. Ƙaramar na'urar auna eriya irin NanoVNA ta fi ta amfani a kuɗi kaɗan. Haka ma tsarin FT8, wanda Joe Taylor, mai lambar Nobel ta fizik ta 1993, da Steve Franke suka fitar a 2017: kwamfuta ce ke musayar gajerun saƙonni kowane daƙiƙa 15, tana tsamo siginar da kunne ba ya ji, kuma da wat 20 ana ratsa nahiyoyi, muddin agogon kwamfutar yana daidai.

Akwai kuma wata ƙofa da ta dace da gidajenmu ƙwarai. Tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar, wanda aka harba a watan Nuwamban 2018, yana ɗauke da sashen masu sha'awa da ake kira QO-100, yana tsaye wuri ɗaya a digiri 25.9 gabas, dab da inda ake saita dish domin kama tashoshin Arabsat, kuma yana rufe Afirka baki ɗaya dare da rana. Domin saurarensa, dish na santimita 80 ko 90 da kan dish (LNB) mai tsarin PLL, wanda ke riƙe mita ba ta zamewa, da RTL-SDR sun isa: tauraron yana saukowa a kusan megahaz 10,489, kan dish ɗin ya mayar da shi kusan 739, inda dikodar talabijin ba ta kaiwa amma RTL-SDR tana kaiwa, sai dai a tura wa kan dish ɗin wutar bolt 12 ta cikin wayar. Aikawa zuwa gare shi a gigahaz 2.4 tana buƙatar ƙarin kaya da lasisin da ya halatta wannan zango, kuma gara a bar ta sai an shafe watanni ana saurare, an san yadda ake karɓa da bayarwa a kansa.