Waƙoƙin Yaƙin Basasa na Tsohuwar Rum: Wanne Za Ka Fara Saye?

Mai neman littafin waƙen yaƙi na Rumawa zai ci karo da sunaye huɗu: Virgil, Lucan, Statius da Silius Italicus. Dukkansu da Latin suka rubuta, don haka fassara za ka saya, galibi ta Turanci. Idan kuɗin littafi ɗaya ne a aljihunka, kuma yaƙin basasa ne ya kawo ka kasuwar, Lucan za ka ɗauka.

Littafinsa na da suna biyu, Pharsalia da Civil War, kar ka sayi abu ɗaya sau biyu. Labarin rikicin Julius Kaisar ne da Pompey, wanda ya taɓa auren 'yar Kaisar, wato suruki da suruki ne suka ja daga. Tsakiyar waƙar ita ce gwabzawar Pharsalus a ƙasar Girka, shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a kashi na bakwai. Abin da ya bambanta Lucan shi ne babu gumakan da ke saukowa su shirya yaƙin kamar yadda aka saba a irin waɗannan waƙoƙi; mutane ne ke yi wa junansu ɓarna da hannunsu. Washegarin yaƙin sai ya nuna Kaisar zaune yana karin kumallo yana kallon gawarwaki, ya kuma hana a yi musu jana'iza. A kashi na shida akwai matsafiya Erichtho da ke tayar da gawar soja don ta yi duba, a na tara kuma macizan hamadar Libiya na yi wa rundunar Cato, jagoran ɓangaren Pompey bayan mutuwar Pompey ɗin, ɗauki ɗai-ɗai. Mai raunin zuciya ya yi hattara. Ka kuma sani waƙar ba ta ƙare ba: ta tsaya cak a kashi na goma, Kaisar na Iskandariya, domin Sarki Nero ya tilasta wa mawaƙin kashe kansa a shekara ta 65 Miladiyya bisa zargin haɗa baki da masu juyin mulki. Shekarunsa 25 kacal.

Fassarar Susan Braund ta jerin Oxford World's Classics, wadda ta fito a 1992, ita nake ba da shawara, saboda bayanan da ke ƙarshenta. Lucan na jero sunayen koguna da ƙabilu kamar maroƙi na kirarin zuriya, in babu mai yi maka jagora za ka ɓace. Ta Matthew Fox daga Penguin ma ba ta da laifi.

Aeneid ta Virgil fa? Ita ce uwa ma ba da mama, sauran ukun duk daga gare ta suka sha. Kashi 12 ne, baiti kusan dubu goma, amma rabin farko tafiye-tafiye ne da soyayyar Sarauniya Dido. Sai daga kashi na bakwai yaƙi ke kankama a Italiya, tsakanin mutanen da jikokinsu za su zama al'umma ɗaya. Basasa ce a lulluɓe, kuma ta rufe ne da Aeneas, jarumin waƙar, na soke abokin gabarsa Turnus bayan Turnus ɗin ya roƙi afuwa. Wanda bai taɓa karanta waƙen Rumawa ba ya fara da ita, a fassarar zube ta David West in yana son sauƙi, ko ta Robert Fagles ta 2006 in yana son daɗin baiti. Ita ce kuma mafi sauƙin samu a wajen masu tsofaffin littattafai.

Thebaid ta Statius ta koma tatsuniyar Girkawa: Eteocles da Polynices, 'yan uwa ciki ɗaya, sun yi alkawarin karɓa-karɓar sarautar Thebes shekara-shekara, wanda ya fara hawa ya ƙi sauka. Sun kashe juna, har wutar ƙona gawarsu ta rabu gida biyu. Tana da kyau, sai dai tana da jan rai. Sai an kai kashi na bakwai kafin runduna ta isa bakin ganuwa. Ka bar ta ta zama saye na uku.

Punica ta Silius kuwa yaƙin Hannibal, janar ɗin Carthage, ce da Rum, ba basasa ba, ga ta kashi 17, baiti sama da dubu goma sha biyu. Sai ɗalibin da malaminsa ya matsa masa.

Batun bugu: ƙananan littattafan Loeb masu jan bango na ɗauke da Latin a shafin hagu, Turanci a dama. Sun fi tsada, kuma fassarar Lucan ɗinsu ta J. D. Duff tun 1928 take, Turancin ya kwana biyu. In ba Latin kake koyo ba, asarar kuɗi ce. Haka nan bugun da ake tallatawa da arha a intanet ba sunan mai fassara, yawanci tsohuwar fassara ce da za ka iya saukewa kyauta, an sake mata bango. Kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton shafin farko ka ga sunan mai fassara da shekarar bugu, ya kuma buɗe ƙarshen littafin ka tabbatar akwai shafukan bayani.