Wata Shida a Sashen Masu Gazawar Zuciya: Yadda Na Sami Hidimarsu

Wata shida ke nan ina kai mahaifina sashen kula da masu gazawar zuciya na wani asibiti, kuma na ga ya dace in faɗi yadda na sami hidimarsu, musamman ga masu ɗauke da tambayar da ni ma na shiga da ita, wato shekara nawa suka rage wa mahaifi bayan an tabbatar masa da wannan ciwo.

Ranar farko, bayan an ɗauki hoton zuciyarsa, likitar ta juyo allon kwamfutar wajenmu, ta nuna mana yadda ɗakin hagu na zuciyar yake matsewa da ƙyar. Ta ce lafiyayyar zuciya tana tura sama da kashi 50 cikin ɗari na jinin da ke wannan ɗaki a kowane bugu, ta mahaifina kuwa ba ta kai kashi 35 ba. Da ya fita ba da jini sai na yi ƙarfin hali na yi mata tambayar da ke raina. Ba ta amsa a bayan idonsa ba. Ta jira ya dawo ya zauna, sannan ta ce, "Baba, kuna so mu yi maganar abin da ke gaba, ko mu bari sai wani zuwan?" Wannan ladabi shi ya fara sa na amince da su.

Da ya yarda, ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce alƙaluman da aka daɗe ana ambata sun nuna kusan rabin masu wannan ciwo suna rasuwa cikin shekara 5 da gano shi, amma lissafi ne na taron jama'a, wanda ya haɗa mai ciwon ƙoda da mai ciwon sukari da wanda ya haura shekara 80, don haka ba ya yanke wa mutum ɗaya wa'adi. Abin da suka fi dubawa shi ne lafiyar ƙoda, da yawan kwanciya a asibiti, da matakin da mutum yake a ma'aunin ƙungiyar likitocin zuciya ta New York mai hawa huɗu, daga wanda aikin yau da kullum ba ya sa shi haki zuwa wanda numfashi yake gagara ko yana zaune.

Inda suka fi burge ni shi ne wajen magani. A da mun ɗauka furosemide ne gwarzo, domin shi yake sauke kumburin ƙafa cikin kwana biyu. Ma'aikaciyar jinyar ta fahimtar da mu cewa wannan sauƙi yake kawowa, masu ƙara tsawon rai kuwa rukuni huɗu ne, irin su bisoprolol, spironolactone, sacubitril da ke haɗe da valsartan, da dapagliflozin wanda gwajin da aka fitar a 2019 ya nuna yana amfanar har waɗanda ba su da sukari. Sannu a hankali suka riƙa ƙara masa su, suna auna ƙodarsa da sinadarin potasiyam bayan kowane ƙari. Sun kuma hana shi ibuprofen, sun sa mu auna nauyinsa kowace safiya, in ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3 mu kira su. Sau ɗaya hakan ta faru, aka gyara maganin ta waya, bai kwana a asibiti ba.

Akwai gyara. Jira yana da tsawo ga dattijon da zama yake wahalar da shi, kuma sau biyu muka tarar da sabon likita wanda bai karanta fayil ɗinsa ba, har sai da na maimaita tarihin tun daga farko. Abin da ya fi damuna shi ne ba su taɓa ware lokaci don mai jinya ba, alhali mahaifiyata ce take tashi tsakar dare tana ƙara masa matashin kai in numfashi ya tsananta.

Duk da haka zan ba kowa shawarar neman irin wannan sashe, ya tafi da dukkan magungunan mara lafiyar a jaka da littafin awon nauyinsa. A zuwanmu na makon jiya mahaifina ya taka daga ƙofar asibitin har ɗakin likita bai tsaya hutawa ba, kuma an sa mana ranar sake hoton zuciyar a wata mai zuwa.