Yawon kwana ɗaya daga Dublin zuwa Newgrange da tudun Tara: ko kuɗin ya biya?

Ba zan kama sunan kamfanin ba, amma irin masu ɗaukar mutane a bas da safe su kai su kwarin kogin Boyne a ƙasar Ailan su dawo da su da yamma ne. Farkon abun ya ɓata min rai gaskiya, an ce mu hallara da wuri muka tsaya a titi cikin sanyi da yayyafi bas bai zo ba sai da muka gaji da duba agogo, kuma ko haƙuri direban bai bayar ba. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne, Yuro ne fa.

Amma matar da ta yi mana jagora ita ta wanke musu laifi. Tun a hanya ta ce duk wanda ya zo da tunanin Keltawa, wato mutanen da can masu harshen Kelt, su ne suka gina tsohon kabarin dutsen nan na Newgrange to ya ajiye shi, an gina wurin wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya girmi dalar Giza ya girmi da'irar duwatsun Stonehenge ta Ingila, su masu harshen Kelt daga baya can suka tarar da shi, sai suka ce ai wannan gidan Dagda ne da ɗansa Aengus, wato allolinsu na dangin Tuatha Dé Danann waɗanda a labarin bayan an ci su da yaƙi suka shige ƙarƙashin tuddai suka koma kamar aljanu. Ni wannan ya fi komai burge ni, mutane su ga gini ba su san mai shi ba su ɗinka masa labari har labarin ya fi shekara dubu yana yawo a baki.

Ciki kuwa sai ka sunkuya, hanyar siririya ce tsawonta wajen mita 19, mai jiki sai ya bi ta gefe. Ba a ɗaukar hoto. Ana kashe wuta duka sai a kunna wata 'yar fitila da ke kwaikwayon yadda hasken rana ke shigowa ta wata kafa a saman ƙofa wajen 21 ga Disamba, na gaskiyar minti 17 yake yi kuma sai da ƙuri'a ake samun shiga ranar. Wallahi duk surutun mutane tsit aka yi.

Tara, mazaunin manyan sarakunan Ailan na da, ita ce matsalar. Lokacin da muka ɓata da safe a nan aka cire shi, a gurguje muka zaga. Kuma in ba a ba ka labari ba ciyawa ce kawai da tuddai da iska mai ratsa ƙashi. Dutsen Lia Fáil da ake cewa yana ruri idan sarkin gaskiya ya taka shi, ina zaton zan ga wani ƙaton abu, ashe bai wuce ƙuguna ba sosai. Ta ce wai jarumi Cú Chulainn ya sare shi da takobi dan ya ƙi yi wa yaronsa ruri. Wani ɗan Amurka ya rungume shi muna ta dariya, shiru kake ji.

A hanyar dawowa ta faɗi wani abu da har yanzu nake juya shi. Malaman Keltawa da ake kira druid ba sa rubuta iliminsu, haddacewa ake yi, Julius Caesar ya ce wasu har shekara 20 suke yi suna koyo. To labaran da muke da su yau, har da na sarauniya Medb da ta ɗaga yaƙi saboda bijimi ɗaya, limaman coci ne suka rubuta su ɗaruruwan shekaru bayan Kiristanci ya shigo, kenan ta alƙalamin wani addinin muke jin su. Kuma ba Ailan kaɗai ba, Keltawa sun bazu tun daga Hallstatt a Ostiriya har Faransa, sunan birnin Lyon ma daga Lugdunum yake, wanda ake dangantawa da allansu Lugh.

Tauraro huɗu na ba su, ɗayan direba ne ya ci. Ku tafi da rigar ruwa da takalmin da ba kwa jin ciwon ya ɓaci, akwai laka da kashin tumaki a Tara.